Jinjina ga Iyayen da Ba Su Naɗe Tabarmar Tatsuniya Ba

Akwai iyaye mata, da kakanni, har ma da 'yan tsirarun ubanni, da har yau in an gama cin tuwon dare sukan ajiye waya su tara yara a tsakar gida. Su nake wa jinjina.

Wanda bai lura ba zai ɗauka hira ce kawai. A ce wa yaro ɗan shekara 5 "shanun gidanmu dubu, maɗaurinsu ɗaya", sai ya shiga ƙare wa kayan gida kallo har idonsa ya faɗa kan tsintsiya. In ya kasa, dole ya ba da gari kafin a faɗa masa amsa. Yau ya ba da Katsina, gobe Damagaram, jibi uwa ta ce ba ta karɓar garin da aka riga aka ba ta, sai ya je ya tambayo wani. Ta haka yaro ke sanin sunan Agadas da Sakkwato tun bai shiga aji ɗaya ba. A ganina wannan dabara ta fi haddar da ake yi da bulala nesa ba kusa ba.

Tatsuniya kuwa aikinta ya fi nauyi. Sai mai bayarwa ta iya tsamin bakin Gizo, ta sauya murya in an zo kan Ƙoƙi, ta jure wa yaran da ke gyara mata labari (ba sa yafe tsallake ko da jimla guda). Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara da yawa a littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni, don haka uwar da ta manta nata tana da inda za ta ɗebo.