Hausar Sudan a littafin Abu-Manga

A 1999 kamfanin Rüdiger Köppe da ke Kolon a Jamus ya buga littafin Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartoum, mai suna Hausa in the Sudan: Process of Adaptation to Arabic. Tun 1986 ya yi irinsa a kan Fulatanci. Har yau duk mai son yin maganar ilimi kan harshen 'yan uwanmu na bakin Nilu, sai ya bi ta kansa.

Babban amfanin aikin, a ganina, shi ne ya rufe bakin masu cewa Hausar Sudan gurɓatacciya ce. Bakano ya ji Bahaushen Omdurman ya ce arabiya ko mustashfa sai ya kama dariya, ya manta mota da asibitin da ke bakinsa daga Turawa ya aro su. Kowa da maƙwabcin da Allah ya haɗa shi da shi. Abin da ya fi daɗin bibiya ma shi ne yadda sauti ke tona hanyar da kalma ta biyo. Alƙalami da alƙali sun shigo mana ta hannun malamai, da "al" ɗinsu a manne, harafin ƙaf ya zama ƙ. A Khartoum kuwa wannan harafin g ake furta shi, don haka yaron da ya tashi can galam ya sani. Kalma ɗaya ce, sau biyu Hausa ta are ta: da farko daga allo, daga baya daga kasuwa. Wanda ya fahimci wannan ba zai sake kiran abin lalacewa ba.

Inda nake da ja shi ne kan sunan littafin. Ya ɗora mai karatu kan hanya mai fuska ɗaya, Hausa na tafiya, Larabci na jiranta a ƙarshe. Na san yana da hujja. Binciken da shi da Catherine Miller suka fitar a 1992 kan 'yan ci-rani a Khartoum ya nuna yadda yara ke barin harshen iyaye su koma Larabci, ga gwamnatin Bashir ta mayar da karatun jami'a cikin Larabci daga 1990. Amma tun bayan yaƙin Burmi a 1903 mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka doshi gabas, ɗansa Mai Wurno ya kafa gari kusa da Sennar, ga mahajjatan ƙasa da suka yada zango ba su tashi ba. Sama da shekara ɗari ke nan, Hausa ba ta mutu ba. Me ya riƙe ta? Wannan tambayar ta fi damuna. Kuma aron ba gefe ɗaya yake ba: Balaraben Omdurman da yamma agashe yake nema, da sunansa na Hausa.

Sai batun wa aka rubuta wa. Littafi ne da Turanci, bugun Jamus, a kan mutanen da Larabci suke karatu, Hausa suke hira. A Yulin 2022 da aka yi wa Hausawa kisan gilla a jihar Blue Nile, har suka fito zanga-zanga a Khartoum, tushen rigimar shi ne ana ce musu baƙi. Harshen da ya sha Larabcin Sudan har cikin ɓargo shaida ce ta daɗewa, amma shaidar tana kulle a harshen da yawancinsu ba sa karantawa. Sashen Hausa na Bayero ko na Danfodiyo zai iya ɗaukar nauyin fassara shi.

Mu ma'aikatan rediyo da kunne muke auna magana, takarda kuwa ba ta riƙe murya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watsa unguwannin Khartoum da Omdurman, ginin rediyon ƙasa kansa ya kusan shekara a hannun dakarun RSF. Tsofaffin da ke magana da Hausar da Abu-Manga ya tarar sun bazu, wasu a Gadarif, wasu a Kassala, wasu sun tsallaka iyaka. Mai son jin yadda suke karya harshe, yanzu can zai bi su da rikoda.