Sirri, Asiri da Amana: Sharhi a Kan Ra'ayoyin Kafafen Sada Zumunta Game da Kwamfuta, Bisa Ma'aunin Unguwar Sabo ta Ibadan

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fitar da manhajar ChatGPT, muhawara a kan kwamfuta da abin da take iyawa ta bar ɗakunan karatu ta faɗa Facebook da WhatsApp da TikTok, inda ake yin ta da Hausa dare da rana. Yawancin masu tofa albarkacin bakinsu ba masana harshe ba ne, amma su ne suke zaɓar kalmomin da jama'a za su riƙa amfani da su gobe. Wannan kaɗai ya isa dalilin da manazarta harshe za su kasa kunne.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi sharhi a kan ra'ayoyi uku da suka fi yawo a waɗannan kafafe. Na farko yana cewa mai gaskiya ba shi da abin ɓoyewa. Na biyu yana cewa na'ura ta sami basira, saboda haka amsarta hujja ce. Na uku kuwa murna ce, cewa Hausa ta shiga na'ura, buƙata ta biya. Za a auna kowane ɗaya da tarihin unguwar Sabo ta Ibadan, garin da Hausawa ke kira Badun. An zaɓi Sabo ne saboda tattalin arzikinta ya ginu a kan sanin halin mutane da riƙe abin da aka sani, sannan mazaunanta tsiraru ne a tsakiyar wata al'umma, wato irin mutanen da fallasar bayani ta fi yi wa illa.

2.0 Sabo a Taƙaice

An kafa Sabo a 1916, a kusa da Mokola, domin tattara Hausawan da ke warwatse a cikin Ibadan a ƙarƙashin sarkinsu. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a 1962 zuwa 1963 kuma ya buga littafinsa a 1969, ya nuna cewa rayuwarta ta dogara a kan fatauci biyu: shanu daga Arewa zuwa Kudu, goro daga Kudu zuwa Arewa. Falke yakan sauka a wurin maigida, wanda ke ba shi masauki da abinci, ya kuma haɗa shi da dillali. Mahautan da ke sayen shanun Yarabawa ne, kuma akasari bashi suke ɗauka ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba. Maigida ne ke lamuni. Idan mahauci ya gaza, shi ke biyan falke.

Ke nan jarin maigida da dillalinsa shi ne bayani: wane mahauci ne ke biya a kan lokaci, wa bashi ya yi wa katutu, wa kasuwarsa ta fara ja da baya. Da wannan sani ne dillali ke cin la'adarsa. Mahaucin da ya ci bashi ya ƙi biya, hukuncinsa shi ne a daina ba shi dabba har sai ya sauke nauyin. Abin lura a nan shi ne, bayanin yana yawo sosai, amma a cikin da'irar da ta shafe shi, hukuncin kuma a cikin kasuwar yake tsayawa.

3.0 Ra'ayi na Farko: Mai Gaskiya Ba Shi da Abin Ɓoyewa

Wannan ra'ayi yakan taso duk lokacin da aka yi maganar haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, wanda gwamnatin tarayya ta wajabta a Disamba 2020, ko maganar izinin da manhajoji ke nema na shiga lambobi da hotunan mai waya. Rauninsa ya faro ne daga fassara. Kalmar Ingilishi da ke nufin haƙƙin mutum a kan bayanansa, kafafen yaɗa labarai sun saba fassara ta da "sirri". A kunnen Bahaushe kuwa, sirri abu ne da ake ɓoyewa, kuma sau da yawa akan zargi mai yawan sirri da wata manufa. Da zarar an karɓi wannan fassara, an riga an ba mai wannan ra'ayi rabin nasara.

Hausa tana da wata kalma daga tushen Larabci guda, wato "asiri", wadda ta bi wata hanya dabam. Idan aka ce Allah ya rufa wa wane asiri, ana nufin yana da abin da zai ci da iyalinsa ba tare da ya kai kukansa waje ba. Babu zancen laifi a ciki. Magidancin da ya ci bashin buhun hatsi bai yi sata ba, amma idan aka shelanta bashin a masallaci an tona masa asiri, an kuma zubar masa da mutunci. Haka nan "amana": abin da aka damƙa wa mutum domin wata manufa, ko kuɗi ne ko magana, idan ya juya shi ga wata manufa ya ci amana. Tsarin gidan Bahaushe ma yana koyar da haka, domin baƙo yakan yi sallama ya tsaya a zaure, ba don ana aikata ɓarna a cikin gida ba. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana bin diddigin mutane, kuma ba ta keɓe hanin ga masu laifi ko marasa laifi ba. Masu iya magana sun taƙaita batun da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Idan aka kwatanta dillalin Sabo da manhajojin ba da bashi da suka addabi jama'a a 2021 da 2022, bambancin zai fito sarari. Dukansu biyu suna tattara bayani a kan mai cin bashi. Amma wasu daga cikin manhajojin sukan kwashe lambobin da ke cikin wayarsa, idan ya makara kwana kaɗan su aika wa surukansa da maƙwabtansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne. Abin ya kai ga hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Ikko a Maris 2022, kamfanin Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotuna a 2023. Dillali ya san fiye da abin da manhaja ta sani, amma bai kai maganar gidan surukai ba. Helen Nissenbaum (2010) ta kai ga irin wannan matsaya, cewa abin dubawa shi ne ko bayani ya bi hanyar da ta dace da muhallin da aka bayar da shi. Bahaushe ya daɗe da sanin haka da sunan amana.

Ga mazaunin Sabo, batun ya wuce na kunya. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan ƙasa a kan kuɗin da bai wuce naira 100 ba, ko da yake hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Jerin sunaye da hotuna da adireshi ba ya cutar da kowa a ranar zaman lafiya. A ranar tarzoma kuwa, mutumin da sunansa kaɗai ke nuna asalinsa ba ya buƙatar ya yi laifi kafin jerin ya zame masa haɗari.

4.0 Ra'ayi na Biyu: Na'ura Ta Sami Basira

A nan ma kalma ce ta share wa ra'ayi hanya. Tun farkon shigowar kwamfuta aka raɗa mata suna "na'ura mai ƙwaƙwalwa", yanzu kuma an sami "ƙirƙirarriyar basira". Basira a Hausa gani ne na zuci, wanda ake danganta wa malami ko alƙali ko dattijo. Tana kusa da hankali da hikima, waɗanda Kirk-Greene (1974) ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki tare da gaskiya da amana da kunya. Wanda aka ce yana da basira, ana sa ran zai san inda saninsa ya tsaya.

Manhajar da ke amsa tambaya ba haka take aiki ba. An ciyar da ita da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata, da haka take jera jimloli. Saboda haka tana iya kawo hadisin da babu shi, ko karin maganar da ba Bahaushen da ya taɓa faɗa, cikin lafazi mai daɗi kamar na gaskiya. Masu ɗora hoton amsarta a matsayin hujjar rufe gardama sun ruɗu ne da ƙwarewar lafazi. Masu ganin ta a matsayin aikin aljanu ko wani nau'in duba, su ma kuskuren ɗaya suka yi, domin duka ɓangarorin sun yarda cewa akwai wani masani a bayan allon. Da an ce "kwaikwayon basira", da sunan da kansa ya riƙa yi wa mai amfani gargaɗi.

Akwai kuma wata illa da ta taɓa karin maganar nan ta "gani ya kori ji". Tun kafin na'ura ta iya ƙera hoto, binciken sashen Africa Eye na BBC a 2018 ya nuna yadda hotunan da ba su da alaƙa da rikicin Jihar Filato na watan Yunin shekarar suka yaɗu a Facebook suka ƙara rura wutar. A Fabrairu 2021 kuma, saɓani a kasuwar Shasha da ke ƙaramar hukumar Akinyele a Ibadan ya rikiɗe ya zama faɗa tsakanin Hausawa da Yarabawa, aka yi asarar rayuka da dukiya, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, wasu gwamnonin Arewa suka zo jaje, daga baya kuma 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. Shasha ba Sabo ba ce, amma labarin da ya tashi daga can yakan isa Kano da Sakkwato cikin minti kaɗan, martaninsa kuma kan dawo kan kowane Bahaushe da ke Ibadan. Yanzu da ake iya ƙera muryar malami ko ta sarki tana faɗin abin da bai faɗa ba, koyar da jama'a cewa na'ura ba ta ƙarya wasa ne da wuta.

5.0 Ra'ayi na Uku: Hausa Ta Shiga Na'ura

Wannan ra'ayi yana da gaskiyarsa. Google Translate ta ɗauki Hausa a 2013, Facebook ta fitar da shafinta na Hausa a 2016, kuma a 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, taskar saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa da Igbo da Yarabanci da Fijin, waɗanda aka tantance domin koya wa na'ura gane yabo da suka. Aiki ne da ya cancanci yabo. Sai dai masu murnar sun tsallake tambayoyi biyu.

Ta farko: wace Hausa ce ta shiga? Rubutacciyar Hausar intanet ta fi fitowa daga gidajen rediyo da jaridu, a kan daidaitacciyar Hausa mai tushe a karin Kano, ko kuma daga saƙonnin da ba a sa wa haruffa ƙugiya, inda ƙasa da kasa, ɗaki da daki, ɓari da bari suke zama abu ɗaya. Yaron da aka haifa a Sabo yana tashi da Hausa da Yarabanci, yana kuma sauya su a tsakiyar magana. Wannan cuɗanya tsohuwa ce. Ta irin wannan hanya Hausa ta sami ashana da agogo da keke da akawu. Na'urar da ba ta ji irin wannan magana ba za ta ɗauke ta gurɓatacciya, ko ta kasa gane ta. Hakan na nufin idan aka rubuta kalaman tunzura jama'a da ita, tacewar kamfani na iya wuce su, mai neman taimako da ita kuma a ƙi fahimtarsa.

Ta biyu: da maganar wa aka koyar da ita? Amsar ita ce, har da maganar masu muhawarar kansu. Abin da aka rubuta a fili a waɗannan kafafe yana iya zama abincin na'ura. A nan ne ra'ayi na uku ya haɗu da na farko, domin mai murnar shigar harshensa shi ne kuma mai bayar da bayanansa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba shi haƙƙin sanin abin da ake yi da su, kuma a Yuli 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 bisa laifuffukan da suka haɗa da yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Amma takardar yarda da ake latsawa kafin a shiga manhaja akasari da Ingilishin lauyoyi take. Dillalin shanu da ya ƙware wajen auna amanar mutane yana sa hannu a kan abin da ba a karanta masa ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ra'ayoyin uku sun sami gindin zama ne ta hanyar kalmomin da aka zaɓa cikin gaggawa: "sirri" a inda rufin asiri da amana suka fi dacewa, "basira" a inda kwaikwayo ne kawai, da kuma "Hausa" a dunƙule a inda akwai kare-kare da al'ummomin zango. Gyaran wannan aikin masana harshe ne. Ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a Ibadan a 1990, ya nuna cewa idan masana suka zauna suna iya tsayar da kalmomin wani fanni. Ana buƙatar irin wannan zama a kan kalmomin kwamfuta da kare bayanai, tare da 'yan jaridar da za su yaɗa su. Ana kuma buƙatar fassara dokar 2023 zuwa Hausar da ɗan kasuwa zai gane, da naɗar maganar unguwanni irin su Sabo da Agege da zangunan Kumasi da Akara, bisa yardar masu ita da sanin inda za a kai ta. Magana zarar bunu ce, kuma wadda ta shiga rumbun na'ura ta fi kowace wuyar dawowa.