Bugun Ƙasa da "Iska da Ruwa": Sharhi a Kan Wata Fassara Mai Ruɗarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne gyara wani kuskure da muke yawan cin karo da shi a rubuce-rubucen ɗalibanmu, wato fassara al'adar Sinawa ta fenshuwi da "bugun ƙasa". Asalin ruɗanin daga Turawa yake, domin su ne suka laƙa wa abubuwan biyu suna ɗaya, jiyomansi, mu kuma muka ɗauko ba tare da bincike ba.

Bugun ƙasa dai duba ne. Malami zai baje rairayi, ya yi ɗige-ɗige, ya fitar da gidaje daga cikin siffofi 16, sa'an nan ya faɗa wa mai tambaya ko tafiyarsa za ta yi kyau, ko ina ɓatacciyar dabbarsa ta shiga. Daga Larabawa ya zo mana, kuma tun a 1377 Ibn Haldun ya soke shi a Muƙaddima. Ba mu san wani gida a ƙasar Kazaure da ake kiran mai bugun ƙasa ya zaɓa wa mamaci makwanci ba.

Shi kuwa fenshuwi, ma'anarsa "iska da ruwa", karatun shimfiɗar ƙasa ne. Littafin binnewa da ake danganta wa Guo Pu (276-324) ya ginu a kan cewa akwai wani ƙarfi mai gudana a cikin ƙasa, iska na watsa shi, ruwa na tsare shi. Idan ƙasusuwan uba suka dace da matattararsa, 'ya'ya da jikoki za su sami dukiya da muƙami. Saboda haka ake son kabari ya jingina da dutse, ya fuskanci ruwa. Da wannan ƙa'ida aka zaɓi kwarin da ke arewa da Bejin a 1409, inda aka binne sarakuna 13 na daular Ming. Da masanin fenshuwi zai ga duwatsun Kazaure da na Roni da ruwan da ke kwance a gindinsu, da ya ce mun yi asarar wuri.

Amma namu kabarin alƙibla ce ke juya shi. Masu haƙa ƙasa mai laushi suke nema, wadda zaizaya ba za ta tone ba, a kwantar da mamaci bisa damansa, a jera itace, a rufe a ranar da ya rasu in da hali.

In ana neman abin kwatantawa, to sai a dubi son maƙwabtaka da bayin Allah, kamar a Hubbaren Shehu Usmanu a Sakkwato, wanda ya rasu a 1817, ko kabarin Sarkin Musulmi Bello a Wurno. Ko a nan ma, a ganinmu, kamar ta sama-sama ce. Mai roƙon a binne shi kusa da waliyyi rahama yake nema wa kansa, ba arziki ga magadansa ba, kuma albarkar ta mutumin ce, ba ta tudu ko rafi ba. Basine kan tone ƙasusuwan kakansa ya sake musu wuri idan gida ya karye. Bahaushe da ya talauce yakan zargi sammu ko baki, bai taɓa zargin inda aka haƙa kabarin ubansa ba.

Shawararmu ga masu shirya ƙamus da littattafan makaranta ita ce a bar wa bugun ƙasa sunansa, a kira na Sinawa "duban wuri", ko a ari kalmarsu yadda take.