Fuskar da Ba Ta Taɓa Shiga Rawa Ba: Sharhi a Kan Littafin Donald Cordry

A shekarar 1980 maɗaba'ar Jami'ar Texas da ke Amurka ta fitar da wani ƙaton littafi mai suna Mexican Masks, na Donald Cordry. Littafin ya tattara hotunan fuskokin biki na al'ummomin asali na ƙasar Meksiko, wato irin fuskar nan da ake sassaƙawa da itace ko a ɗinka da fata, mai rawa ya ɗaura ta a kan tasa ranar biki, ya koma tsoho, ko damisa, ko shaiɗan. Cordry bai ga fitowar littafin ba, domin ya rasu a 1978. Mutum ne da ya shafe shekaru masu yawa yana yawo a ƙauyukan Meksiko, kuma shi da matarsa Dorothy sun riga sun wallafa littafi a kan tufafin waɗannan al'ummomi a 1968. Saboda haka da wannan ya fito sai aka karɓe shi hannu bibbiyu. Dillalai da masu tara kayan tarihi suka mayar da shi ma'auni: fuskar da ta yi kama da ta cikin littafin, ita ce ta gaske.

Duk wanda ya buɗe littafin zai gane dalili. Hotunan suna da ɗaukar ido. Ga fuskoki masu dogon gemu, ga waɗanda aka sassaƙa wa jemagu da ƙadangaru da macizai a goshi da kunci, ga na azurfa da na tagulla da aka ce ana roƙon ruwan sama da su a jihar Guerrero. A ƙarƙashin hotunan an rubuta sunan gari, da sunan rawa, wani lokaci har da shekarun fuskar.

To a nan gizo yake saƙar. Bayan fitowar littafin, masana da suka san ƙauyukan suka nuna cewa da yawa daga cikin fuskokin da suka fi ban sha'awa babu wanda ya taɓa shiga rawa da su. An sassaƙa su ne don kasuwa, akasari a Guerrero, aka dusashe fentin, aka goge cikinsu don su yi kama da abin da gumi ya daɗe yana ci, sannan aka haɗa wa kowace labarinta. Cordry bai ga waɗannan a filin biki ba. Daga hannun dillalai ya same su, kuma abin da aka faɗa masa shi ya rubuta. Dillali kuwa ya san abin da mai saye yake so. In ya ga fuska mai ƙadangare ɗaya ta burge, gobe sai ya kawo mai uku.

Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san wannan cuta sarai. Idan za ka gina rumbun bayanai, kowane abu kana ba shi gurabe: suna, wuri, shekara, amfani. Gurbin da aka fi mantawa shi ne na "wa ya faɗa?" Matuƙar babu shi, bayanin da mutum ya gani da idonsa da wanda aka raɗa masa a bakin ciniki za su zauna a layi ɗaya, da harafi iri ɗaya, mai karatu ba shi da hanyar bambance su. Wannan shi ne babban aibin littafin a ganinmu. Ba laifi ba ne a yaudari mutum, kowa ana iya yaudararsa. Laifin shi ne yadda aka tsara bayanan, ta yadda fuskokin gaskiya da Cordry ya tara tun yana yawon ƙauyuka suka gauraya da na kasuwa, har zargin da ya hau waɗannan ya shafi waɗancan.

Akwai wadda ta bi wata hanya daban. Ruth Lechuga likita ce, an haife ta a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1920, iyalinta suka gudo Meksiko a 1939 saboda 'yan Nazi. Ta yi shekaru tana zuwa bukukuwa da kyamara, tana ɗaukar fuska a kan mai ita, a tsakiyar ƙura da makaɗa. A littafin Mask Arts of Mexico da ta yi tare da Chloë Sayer a 1994, mai karatu yana ganin fuskar da kuma taron da ya haife ta. Bayan rasuwarta a 2004, kayan da ta tara suka koma gidan tarihi na Franz Mayer da ke birnin Meksiko. Hotonta shaida ne: ga fuskar, ga rana, ga gari, ga mutane. Gani ya kori ji.

Wannan bambanci yana da nauyi, domin fuskar biki rabin abu ce. A Chiapa de Corzo ta jihar Chiapas, 'yan rawar Parachicos suna fita kowace Janairu da fuska mai kamannin Bature da hular zare mai faɗi, kuma abin da hukumar UNESCO ta saka a jerin gadon ɗan Adam a 2010 shi ne bikin gaba ɗaya, da kiɗansa da zagayen garinsa. A Zitlala ta Guerrero, a farkon watan Mayu, maza suna sa fuskar damisa ta fata mai kauri su yi ta dukan juna da igiya don roƙon ruwan shuka. Kaurin fatar kariya ce daga dukan. Wanda ya ga fuskar rataye a bango, bai san da igiyar ba, zai ɗauka ado ne kawai.

Akwai ma inda adanawar kanta take cin karo da al'adar. A wajen al'ummar Yaqui ta jihar Sonora, masu sa fuskar chapayeka a lokacin azumin Kirista suna riƙe gicciyen carbi a baki muddin fuskar tana kansu, ba sa magana, kuma ranar Asabar ta jajiberin Ista ake ƙona fuskokin. Ba su yarda a ɗauki hoton bikin ba. Ke nan duk kundin da ya faɗi gaskiya dole a sami gurabe a cikinsa da babu komai. A aikinmu mun koyi cewa gurbin da aka bari fayau ya fi wanda aka cike da zato, domin na farko yana gaya maka inda iliminka ya tsaya. Littafin Cordry ya cika ƙin barin gurbi fayau.

Wanda ya fi kowa asara a wannan lamari shi ne masassaƙi. Fuskokin da ake kira na jabu aikin gwanaye ne, mutanen ƙauye masu neman abin kai wa baki, kuma wasunsu sun fi na rawa wahalar sassaƙa. Amma don a sayar da su a matsayin tsofaffi, sai da aka shafe sunan mai su, domin kayan da aka ce ya shekara ɗari ba zai yiwu mai shi yana raye ba. A kwatanta da Juan Horta na garin Tócuaro a jihar Michoacán, wanda fuskokin shaiɗan da ya sassaƙa suka zagaya duniya da sunansa. Da an rubuta gaskiya a ƙarƙashin hotunan Guerrero, cewa wane ne ya yi wannan a shekara kaza don sayarwa, da littafin ya zama tarihin wata sabuwar fasaha mai daraja.

Me ya sa muke tono littafin da ya haura shekara arba'in? Domin kuskuren da aka buga yana haihuwa. Mai sayarwa ya kwafo bayanin littafin, wani shafin intanet ya kwafo na mai sayarwa, na uku ya kwafo na biyu, har mai bincike a wayarsa ya ga wurare goma sun faɗi abu ɗaya ya ɗauka shaidu goma ne, alhali bakin dillali ɗaya ne. Yanzu kuma manhajojin da ke koyo daga rubutun intanet suna haɗiye duka, ba tare da tambayar asali ba.

Ba mu ce a jefar da littafin ba. A duba shi don kyan hotunansa, da don fuskokin gaskiya da ke ciki, amma a ajiye na Lechuga kusa da shi. Kuma duk lokacin da aka nuna mana fuska mai ban mamaki a gidan tarihi ko a allon waya, mu nemi abu uku: wa ya sassaƙa ta, wa ya yi rawa da ita, wa ya gani ya faɗa.