Ina Alƙalin Yake? Sharhi Kan "Where I Stand"

Wannan littafi tarihin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ne. Shi ya ba da labarin, Isma'ila Tsiga ya tsara, kamfanin Spectrum na Ibadan ya buga a 1992, shekarar da Malam ya rasu. Yana da daɗin karatu, kuma Tsiga ya kyauta da ya bar Malam ya yi magana da bakinsa.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Malam ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, sai dai a ganina zamansa da Sardauna da jayayyarsa da 'yan ɗariƙa sun danne alƙalancin. Alhali kuwa a lokacin, bayan dokar Final Kod ta fara aiki a 1960, an bar wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a aure da gado da wasiyya da makamantansu. Yaya ya riƙa yanke su? Me waɗanda aka kayar suka ce? Alƙali dai ba ya hukunci da jin ɓangare ɗaya, to don me mai rubuta tarihinsa zai yi?

Wanda zai sake wannan aiki ya fara da fayilolin kotu, ya leƙa Arewa House a Kaduna, sannan ya nemi tsofaffin magatakarda idan da sauransu.