Littafin da Ya Ce a Binciki Mota Kafin a Ɗora wa Direba Laifi

A ranar 30 ga Nuwamba, 1965, wani lauya ɗan shekara 31 mai suna Ralph Nader ya fitar da littafi a Amurka mai suna Unsafe at Any Speed, ma'ana motar da babu aminci a cikinta ko da wane irin gudu ake yi da ita. Iyayensa 'yan Labanon ne da suka je ci-rani jihar Connecticut, shi kuma ya karanta shari'a a Jami'ar Harvard. A shekarar da littafin ya fito, mutum kusan 47,000 ne suka mutu a kan titunan Amurka. Yau littafin ya kai shekara 60, motocin da ya yi magana a kansu sun daɗe da zama ƙarfen bola, amma ina ganin da wuya a sami littafin da ya kamata mai mota a Kazaure ko Babura ya san abin da ke cikinsa kamar wannan.

Dalilina shi ne yadda muke ba da labarin haɗari. Idan mota ta wuntsila a hanyar Kazaure zuwa Daura, ko tsakanin Roni da Gwiwa, bayanin da za ka ji ba ya wuce uku: direba ya yi gudun wuce sa'a, ko barci ya ɗauke shi, ko kuma tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Sai a ce "motar ce ta ƙwace masa", a yi salati, a yi jana'iza, a ja gawar motar zuwa gareji. Da wuya ka ji an tsaya an ce, to me ya sa ta ƙwace? Haka Amurka take kafin Nader. Kamfanoni da hukumomi da ƙungiyoyin kiyaye haɗurra duk bakinsu ɗaya, direba ne mai laifi, a wayar masa da kai, a ci shi tara. Nader ya ce a'a, a ɗaga motar sama a leƙa ƙarƙashinta tukuna.

Babin farko, wanda ya fi kowane suna, a kan wata ƙaramar mota ce, Chevrolet Corvair, ta kamfanin General Motors, ƙirar 1960 zuwa 1963. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, kamar Bitil ɗin Volkswagen da manyanmu suka sani. Nauyi ya taru a baya, ga kuma yadda aka haɗa ƙafafun bayan: idan aka sha kwana da ƙarfi, tayar baya takan lanƙwashe ta shige ƙarƙashin motar, gindin motar ya zame, wani lokaci ta yi adungure ba tare da ta bugi kowa ba. Akwai wani sandan ƙarfe da ake sa wa a ƙafafun gaba don ya rage wannan tangaɗi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma aka bar shi saboda a rage tsadar motar. Maimakon haka sai kamfanin ya dogara da iskar taya: a sa 15 a gaba, 26 a baya.

A nan ne na fi jinjina wa marubucin, domin ya gane cewa mota a hannun mutane take rayuwa, ba a takardar injiniya ba. Ka tsaya wurin mai faci a bakin tasha ka gani. Yaro zai jawo tiyo, ya ɗura iska, ya ƙwanƙwasa tayar da sifana ya saurari amonta, ko ya danna da babban yatsa, ya ce "ta yi, Alhaji". Ko da ya ɗauko geji, duka huɗun lamba ɗaya zai ba su, don haka aka koya masa, kuma a kan yawancin motoci hakan ba ya kisa. Ma'aikacin gidan mai a Amurka ma haka yake yi a 1961. Hujjar Nader ita ce, wanda ya ƙera motar da zamanta lafiya ya rataya a kan wata lamba da ke ɓoye cikin ɗan littafin da ba kowa ke buɗewa ba, ya san abin da zai biyo baya. Ya kawo labarin wata mata a California da ta rasa hannu a irin wannan adungure, kamfanin ya biya ta dala 70,000 ana tsakiyar shari'a. Lokacin da littafin ya fito, ƙararraki sama da 100 ne ke gaban kotuna a kan motar. Shi kuwa kamfanin ya gyara ƙafar bayan a ƙirar 1964, ya sake ta gaba ɗaya a ta 1965, amma bai kira tsofaffin da ke kan titi ba.

Mutane da yawa suna zaton littafin a kan Corvair kaɗai yake, alhali babi ɗaya ne cikin takwas. A wurina babin da ya fi amfani shi ne wanda ya yi bayanin karo na biyu. Karo na farko shi ne mota ta bugi wani abu. Na biyu shi ne jikin mutum ya bugi cikin motar, ƙirji a kan sitiyari, goshi a gilashi, gwiwa a maɓallan ƙarfe masu tsini, kuma shi ne ke kashewa. Nader ya nuna cewa masu bincike irin su Hugh DeHaven na Jami'ar Cornell sun daɗe da gano yadda za a rage wannan, kuma tun 1959 Volvo ta fara sa bel mai maɗauri uku. Ilimin yana nan, aka ƙi aiki da shi, aka zuba kuɗi wajen ƙyalƙyali. Ya kuma taɓo yadda kamfanoni ke jera giyar otomatik daban-daban har direba ya faɗa ribas yana zaton gaba zai yi, da adon ƙarfe da ke yanka mai tafiya a ƙasa, da hayaƙi.

Da General Motors ta yi shiru, wataƙila da littafin ya tsaya a kantoci. Sai ta ɗauki 'yan leƙen asiri suna bin Nader, suna tonon rayuwarsa. Asiri ya tonu, a ranar 22 ga Maris, 1966, shugaban kamfanin James Roche ya ba shi haƙuri a gaban kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Abraham Ribicoff, daga baya kuma aka biya shi dala 425,000. A ranar 9 ga Satumba na wannan shekara Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kiyaye lafiyar motoci. Daga wannan doka aka sami hukumar da yau ake kira NHTSA, aka wajabta bel a sababbin motoci daga 1968, aka kuma kafa tsarin kiranye: idan aka gano aibi mai haɗari a wata ƙira, dole kamfani ya sanar da masu ita, kuma tun daga 1974 doka ta ce gyaran kyauta ne. Ƙorafin masu motoci kuwa ana tara shi wuri ɗaya, in ya yi yawa a kan abu guda a buɗe bincike.

To ina ruwan Bakazaure da wannan? Ruwansa shi ne motar da yake hawa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo, kuma Najeriya na cikin manyan masu saye. Corolla da Civic da Matrix da Pontiac Vibe da ke zirga-zirga tsakanin Babura da Kano, mafi yawansu a can suka yi ƙuruciyarsu, kuma da yawa daga cikin ƙirarsu an taɓa kiransu. A 2009 da 2010 Toyota ta kira miliyoyin motoci saboda totur da ke maƙalewa, har ta biya gwamnatin Amurka tarar dala biliyan 1.2 a 2014. A watan Agusta na 2010 ta kira Corolla da Matrix ƙirar 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya saboda ƙwaƙwalwar injin da kan tsage mota ta mutu ana cikin tafiya. Mafi girma shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata, kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai. Sinadarin da ke hura jakar yakan lalace idan ya daɗe cikin zafi da laima, sai ranar da ta tashi buɗewa gwangwanin ya tarwatse ya watsa wa direba ƙarfe a fuska da wuya. Fiye da mutum 25 ya kashe a Amurka, kamfanin ya karye a 2017. A 2023 Honda ta ce kada a ƙara tuƙa wasu Civic da Accord na 2001 da 2002 sai an canza musu jakar, a Janairun 2024 Toyota ta faɗi haka a kan wasu Corolla da Matrix na 2003 da 2004. Mai karatu ya tuna zafin watan Afrilu a Gwiwa, motar na ajiye a rana gilasai a rufe, sannan damina ta biyo baya.

Wasiƙar kiranye tana zuwa ne adireshin wanda ya yi rajistar motar a can. Da zarar an loda ta a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, zaren ya tsinke. Abin da ke faruwa a nan kowa ya sani: fitilar jakar iska ta kama a dashbod, mai mota ya kai wa ɗan rewaya, ɗan rewaya ya kwance allon, ya zare ƙwan fitilar ko ya liƙe shi da baƙin salatif, ya mayar, a ba shi na goro. Fitilar ta mutu, aibin yana nan daram. Wata motar ma haɗari ta yi a can aka sayo ta a gwanjo, jakar ta riga ta fashe, aka liƙe murfin sitiyarin da gam aka fesa fenti.

Littafin yana da nasa rauni, kuma adalci ne a faɗa. A 1972 hukumar da shi kansa ya yi sanadin kafuwarta ta fitar da sakamakon gwaji, ta ce tuƙin Corvair ta 1960 zuwa 1963 bai fi na takwarorinta na wancan zamani muni ba. Nader bai yarda da gwajin ba, amma hukuncin yana nan a rubuce. Cinikin motar ya faɗi ƙasa da rabi tsakanin 1965 da 1966, aka daina ƙera ta a 1969, sai dai ba littafin kaɗai ya kashe ta ba, fitowar Ford Mustang a 1964 ta riga ta janye mata masu saye. Nader lauya ne, kuma rubutun lauya ya yi, ya tattaro duk abin da zai ƙarfafa ƙararsa, bai ba wa ɗaya ɓangaren fili sosai ba. Wasu babukan kuma suna da nauyin karatu, sunayen kwamitoci da ƙungiyoyin Amurka sun cika su.

Akwai kuma inda nake tsoron a yi masa gurguwar fahimta a wajenmu. Golf ɗin da aka ƙera don mutum biyar, aka cusa mata biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, but a buɗe da buhunan hatsi an ɗaure da igiya, a kan tayoyin gwanjo da suka wuce wa'adinsu, in ta fashe taya ba laifin Jamusawa ba ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, tun kafa ta a 1988, kullum gudu take sa wa a sahun gaba na musabbabin haɗari, kuma gaskiyarta ne. Nader bai wanke direba ba. Abin da ya ce shi ne ɗan Adam zai yi kuskure ko an ƙi ko an so, don haka a ƙera motar da kuskure ɗaya ba zai zama ajali ba. Wannan bai ci karo da imaninmu da ƙaddara ba, malamai sun daɗe suna bayyana cewa tawakkali ba ya soke riƙo da sababi.

Abin da na fi so mu ɗauka daga littafin shi ne darajar da ya ba wa ƙorafin mai mota. Ilimin nan muna da shi, a warwatse yake. Duk tsohon bakanike a Kazaure zai gaya maka wace mota ce ke yawan cire ƙafar gaba, wace ce giyarta ke zamewa in ta yi zafi, wace ce ke shan baƙin mai. Masu sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa a Kano sun san abin da ya fi ƙarewa a shagunansu, kuma wannan ma shaida ce. Amma babu mai rubutawa, babu inda ake kaiwa. Dokar 2018 da ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ba ta hurumi a kan kayan da ke da haɗari, sai dai hukuma ba ta aiki da hirar gareji, takarda take so.

Hukuncina shi ne littafi ne mai zafi, mai ɗan son kai a babin da ya fi shahara, amma mai gaskiya a ginshiƙinsa, kuma ya cancanci a fassara aƙalla babinsa na farko da na karo na biyu zuwa Hausa. Malamai da ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure za su iya wannan aiki, su kuma haɗa kai da shugabannin direbobi a tashoshin Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa a buɗe rijistar matsalolin da ke maimaituwa. Kai kuma mai mota, lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana nan a ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba. Idan motarka daga Amurka ta zo, ka ba yaronka ya shigar da lambar a shafin NHTSA na intanet, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. In ya nuna jakar Takata ce, kada ka kai wa ɗan rewaya ya kashe fitila, ka nemi wakilin kamfanin ko ƙwararren da zai canza ta.