Ado Ya Fara Cinye Zanen Bayanai

Zanen bayanai, wato zuba alƙaluma cikin ginshiƙai, layuka ko taswira don ido ya kama su nan take, ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. William Playfair, mutumin Sikotland, shi ne ya fito da jadawalin ginshiƙai a 1786. Bayan kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan a 1854, likita John Snow ya ɗauki taswirar unguwar, ya ja ɗan baƙin layi a gaban gida don kowane mutum da ya rasu. Layukan suka yi cincirindo a kewayen famfon tuƙa-tuƙa na titin Broad. Taswirar ba ta da ƙawa ko kaɗan, tambaya ɗaya ta amsa: daga ina cutar take fitowa?

Yau manhajoji irin su Canva, wadda ta fito a 2013, sun sa mai waya zai iya haɗa zane kafin shayinsa ya huce. Wannan ci gaba ne, amma ya zo da yayin da bai dace ba: a zaɓi kyakkyawan tsari tukuna, sannan a nemi abin da za a cusa a ciki. Tun 1983 masanin zanen bayanai Edward Tufte yake kukan irin wannan tarkace.

Mafi muni shi ne ginshiƙin da bai tashi daga sifili ba. Idan aka fara ƙirga daga 90, ginshiƙin 96 zai ninka na 92 sau uku a tsawo, alhali tazararsu huɗu ce kacal. Ba a canja lamba ko ɗaya ba, amma an yaudari mai kallo, don ido tsawo yake aunawa kafin ya karanta lamba. Da'irar da aka yayyanka gida goma sha biyu ita ma ba ta karantuwa. Haka kuma haɗa ja da kore, wasu idanun ba sa bambanta su.

Sai kwanan wata da majiya, waɗanda masu ado kan cire wai don kada su ɓata kyau. Zane yakan shiga WhatsApp ya rabu da rubutun da ya zo da shi, ya yi ta yawo shekara da shekaru. Hotunan alƙaluman korona da hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta riƙa fitarwa kullum a 2020 suna ɗauke da sunanta, da ranar, da adadin kowace jiha, don haka ko an tura su sau ɗari ana iya gane na yaushe ne.